Aya Ɗaya a Jikin Keken Ɗinki: Littafin Bimbinina a Zabura 119

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na fara. Bara na bi jadawalin nan na karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda, sura uku ko huɗu kullum, kuma na kai ƙarshe, surori 1,189 ba wadda na tsallake. Har a taron Zumuntar Mata sai da na faɗa, aka tafa mini. Amma ranar sabuwar shekara 'yata ta fari ta ce, "Mama, me ke cikin Habakuk?" Na buɗe baki na rufe. Na dai san na bi ta wurin, kamar yadda motar Kano ke ratsa ƙauye ba ta tsaya ba.

Saboda haka bana ba na son yawa. Zabura 119 kaɗai zan riƙe. Ayoyinta 176 ne, an kasa su kashi 22, kowane kashi aya takwas, bisa haruffan Ibrananci 22. Na ba kowane kashi kwana uku, kwana 66 ke nan, in Ubangiji ya yarda in gama ranar 19 ga Maris. Lokaci kuwa ƙarfe biyar na asuba, tunda dama kiran salla na masallacin bayan gidanmu yana tashina.

Kashe kuɗi: littafin rubutu N700, biro N200.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na gama kashin farko, na shiga na biyu. Sanyi ya yi tsanani, hazo ya rufe dutsen Kufena na nan Zariya har ba a ganinsa daga ƙofar gida. A gaskiya ban san me nake yi ba. Ina karanta aya takwas ɗin cikin minti biyu, sai in zauna shiru ina jiran wani abu ya sauko mini. Abin da ke saukowa shi ne lissafin zare da zif da kuɗin makarantar yara. Jiya ma gyangyaɗi na yi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Bayan sujada na tare Baba Katikis, malamin cocinmu, a gindin tsohon cocin nan ginin ƙasa, na gaya masa damuwata. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, da baki kike karantawa ko da ido?" Na ce da ido mana, kada in tashi yara. Ya ce to nan aka samu matsala.

Ga abin da ya koya mini, na rubuta shi kafin in manta. Kalmar da ke Zabura 1:2 da Joshuwa 1:8, wadda muke fassarawa da tunani ko bimbini, a Ibrananci "haga" ce, kuma kalma ce mai sauti. Ita aka yi amfani da ita a Ishaya 31:4 don gurnanin zaki a kan naman da ya kama, ita ce kuma a Ishaya 38:14 don kukan kurciya. Ya ce in duba Joshuwa da kyau, ba a ce littafin kada ya rabu da kansa ba, cewa aka yi kada ya rabu da bakinsa. Ya kuma tuna mini babban ma'aikacin nan na sarauniyar Habasha a Ayyukan Manzanni 8, wanda Filibus ya ji shi yana karanta Ishaya a cikin karusa. Ji ya yi da kunne, wato mutumin a fili yake karatunsa.

Sai kakata ta faɗo mini a rai. Ita da tsohon Littafinta, fassarar Likita Miller da abokan aikinsa da ta fito a 1932, bangon ya riga ya cire an ɗinke shi da ƙyalle. Yatsa a kan layi, leɓe na motsi, aya guda sai ta maimaita ta har mu gaji mu fita wasa. Mu a lokacin gani muke rashin iya karatu ne ya sa.

Baba ya ƙara da cewa, "Ba ki jin almajiran maƙwabtanku da asuba? Kin taɓa jin wanda ya yi hadda da baki a rufe?" Shekara nawa ina jin su ta katanga, ban taɓa kawo wa raina akwai darasi a ciki ba.

Talata, 21 ga Janairu

Na sauya tsari. Na koma kicin don kada in dami masu barci. Ina karanta kashin a fili sau biyu, in ɗauki aya guda, in rubuta ta da kalmomina a 'yar takarda, in yi ta faɗinta a hankali har ta zauna, sannan in mayar da ita addu'a. Takardar kuma ina tafiya da ita shago, in maƙala ta da fil a jikin ƙyallen da ke naɗe a wuyan keke, inda nake soke allurai. Yau aya ta 18, roƙon a buɗe idanuna in ga abubuwan banmamaki a cikin shari'arsa. Ban yi gyangyaɗi ba.

An ɗauke wuta kwana biyu, da fitilar waya na yi karatu, daga nan kuwa sai na tsinci kaina cikin WhatsApp. Zan sayi fitila mai caji.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau abin ya taɓa ni inda ban zata ba, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Tun Laraba nake kashi na huɗu. Ayar da na maƙala ita ce ta 29, na rubuta ta haka: ka raba ni da hanyar ƙarya. Da na zaɓe ta, masu ƙarya na duniya nake tunani, 'yan siyasa da 'yan damfara. Jiya da hantsi wata Hajiya daga Tudun Wada, kwastomata ta shekara da shekaru, ta kawo leshi kala biyu na bikin ƙanwarta. Ta ce yaushe za ta aiko a karɓa. Na ce, "Alhamis mai zuwa, Hajiya, da yardar Allah." Ta ajiye kafin alƙalami ta tafi. Na zauna na ɗora ƙafa a keke, ina ɗaga ido sai ga takardar tana kallona.

Na san sarai ba za a gama ranar Alhamis ba. Kaya goma sha ɗaya ne a gabanta. Na faɗi Alhamis ne don kada ta kwashi leshinta ta kai wani shago. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba lokacin da nake faɗa, bakina ya saba kamar yadda ƙafata ta saba da taka keke. Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a. Kowa ya san alkawarin tela, har wasa ake yi da shi, kwastoma ma in ka ce masa Alhamis yakan ƙara kwana huɗu a ransa. Na yi ta kare kaina da wannan har azahar: ai kowa ya gane, ai ba cuta ba ce. Amma ayar na bakina, keke na tafiya ina faɗinta, ta ƙi barina.

Da safen nan na kira ta. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, jiya na ce miki Alhamis, alhali na san ba zai yiwu ba. Sai Talata ta sama. In bikin ba zai jira ba, ki aiko a karɓi kayan da kuɗinki." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maman yara, lafiya kuwa? Yaushe tela ya fara kiran mutum yana tona wa kansa asiri?" Muka yi dariya. Ta ce Talata ta yi.

Ba zan wuce wannan kashi gobe ba. Jadawali ya yi haƙuri.

Laraba, 29 ga Janairu

Har yanzu aya ta 29. Na zauna da yarana biyu masu koyon ɗinki muka yi lissafin gaskiya: idan ba a samu tangarɗa ba, kaya biyu muke gamawa a rana, uku in ɗinkin bai da ado. Na sayi kalanda babba na kafa a bango, duk kayan da aka kawo sai a rubuta shi a ranar da za a iya gama shi, a gaban mai shi. Ƙaramar ta ce, "Anti, ai kwastomomi za su gudu." Na ce mu gani.

Fitila mai caji N6,500, kalanda N500.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kashi na biyar. Aya ta 37, a kawar da idanuna daga kallon abubuwan banza. Wayar tana kwana a falo yanzu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Aya ta 36 tana roƙon a karkata zuciya ga umarnan Allah, ba ga ƙwaɗayin riba ba. Akwai buhu a ƙarƙashin teburin yanka, duk tela ya san irinsa, inda ragowar yadi ke taruwa. Ƙananan ƙyallaye ba komai, da su muke yin tsumma da matashi. Amma na zazzage shi na sami guda huɗu da suka kai yadi ɗaya ko fiye. Uku na gane masu su, na sa a leda na ajiye musu. Na huɗun wata atamfa ce mai ruwan ganye, na kasa tuna mai ita, kuma gaskiya na riga na yi wa autana riga da ita a raina. Tana nan a rataye.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Mako mai sauƙi, na gama kashi na shida da na bakwai. Idona na ruwa in na daɗe a kan ƙananan rubutu, maigida ya raka ni aka gwada ni, tabarau N5,000. Sanyi ya fara ja da baya.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na kama kaina da wani abu marar kyau. Wannan zabura cike take da maganar masu girmankai da masu ƙulla sharri, aya ta 69 ma cewa take sun shafa wa mai zaburar ƙarya. To, akwai wata mai shago a layinmu da na ji tana gaya wa mutane wai na daina karɓar aiki ne don idona ya mutu. Kwana uku ina bimbini a kan aya ta 69 da fuskarta a gabana, ina jin daɗi, har wani ƙarfi muryata ke yi. Na ɗauka Ruhu ne ke ƙarfafa ni.

Na ba Baba Katikis labari ina tsammanin zai taya ni. Ya ce, "Kin karanta ayar har ƙarshenta?" Rabin na biyu cewa yake, ni kuwa da zuciya ɗaya zan kiyaye umarnanka. Mai zaburar ya ambaci maƙiyansa ya wuce, ni kuwa na shimfiɗa tabarma a wurin. Baba ya ce aya guda ake tauna, amma kada a cire ta daga cikin 'yan'uwanta, shi ya sa ake fara karanta kashin duka. Daga yau in na rubuta aya, cikakkiya zan rubuta, ba rabin da ya yi mini daɗi ba.

Asabar, 1 ga Maris

Maƙwabta sun ɗauki azumi yau, wato kakar teloli ta kama. Bisa jadawalin farko ya kamata ina kashi na goma sha shida. Ina na goma. Kalanda ta cika har 27 ga wata, na bar kwana biyu na gyare-gyare, na rubuta a ƙofa da alli cewa an rufe karɓar ɗinkin Salla.

Laraba, 5 ga Maris

Larabar Toka, mun shiga namu azumin na kwana arba'in. Bana azumin biyu sun haɗu, unguwa tsit da rana.

Daga Asabar zuwa yau na mayar da kaya goma sha huɗu. A kan N5,000 kowanne, N70,000 ke nan. Da daddare maigida ya ce, "Ni ban hana ki ibada ba, amma kuɗin zango na uku yana tafe, kuma ba da aya ake biyansa ba." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Bara war haka na karɓi duk abin da aka kawo, na biya kuɗin makaranta a kan lokaci, mata uku kuma suka yi Salla ba da sabon ɗinkinsu ba. Ɗaya har kuka ta yi a shagon. Na gaya masa wannan. Ya ce ya ji, amma lissafi dai bai cika ba. A haka muka kwanta.

Alhamis, 20 ga Maris

Jiya ce ranar da na sa zan gama. Kwana goma sha ɗaya ban buɗe littafin nan ba, bari in faɗi yadda aka yi.

Ranar 8 ga wata wata babbar kwastoma ta zo da kaya shida na 'ya'yanta, ta ce za ta biya ninki biyu. Na kalli kalanda, na kalli kuɗin, na tuna maganar maigida. Na ce, "Kawo, Hajiya, kafin ashirin ga azumi kin samu." Ban rubuta a kalanda ba, don babu inda zan rubuta. Takardar ayar kuwa na zare ta daga jikin keke na jefa a aljihun tebur, wai kada ta yi datti. Ni na san dalili.

Daga nan muka koma kwanan shago. Ina tashi daga keke ƙarfe ɗaya na dare, kiran asuba ya same ni kamar gawa. Ran nan babbar yarinyar, barci a idonta, ta yanka hannun riga biyu duk na ɓangare guda a shaddar mutane. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, a gaban kwastoma, alhali ni na hana ta barci. Sai da na shiga kasuwar Sabon Gari na nemo mai kama da ita, yadi biyu N18,000. A cikin makon kuma zazzaɓi ya kwantar da autana, kwana biyu muna asibiti, magani da gwaji N14,000. Ribar ninki biyun ta tafi, har ta ja wani abu a baya. Mutum uku da ke kan kalanda tun farko, waɗanda na yi wa alkawarin gaskiya, su ne aikinsu ya makara.

A asibitin, daren na biyu, yaro ya samu barci, ba ni da Littafi a hannu, waya ba caji. Na ce bari in gwada ko akwai abin da ya rage. Sai ga su suna fitowa, ta 11, ta 18, ta 25 mai cewa raina ya manne da ƙura, ta 28, har da ta 29 da nake gudu. Ba a jere ba, wasu rabi-rabi. Na yi ta faɗinsu ƙasa-ƙasa a kan benci har wata mai jinya a gefena ta ce, "Baiwar Allah, addu'a kike? Ki sa da mu." Duk karatun bara ban sami abin da zan ciro a irin wannan dare ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na koma kicin da asuba. Kashi na goma sha ɗaya, aya 81 zuwa 88. Da a kan jadawali nake da tun tsakiyar Fabrairu na wuce shi, ina ƙoshe, ba zai ce mini komai ba. Aya ta 83: na zama kamar salka a cikin hayaƙi, duk da haka ban manta da ƙa'idodinka ba.

Yaran yanzu ba su san salka ba. A ƙauyen kakannina akwai wadda ke rataye a ɗakin girki, fatar akuya ce ta ɗiban ruwa, an daina amfani da ita. Hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin, ta ƙanƙance, ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage. Mai zaburar bai ce ya kusa zama haka ba, cewa ya yi ya zama. A kashin nan duka babu inda ya ce an amsa masa, tambaya yake ta yi, yaushe za ka ta'azantar da ni, kwana nawa suka rage wa bawanka. Ban yi wata doguwar addu'a ba. Na faɗi ayar, na sake faɗa, na yi kuka kaɗan, ruwan koko ya tafasa na tashi.

A shago na ba yarinyar haƙuri a gaban 'yar'uwarta, tunda a gaban mutane na ci mata fuska. Ta ce, "Ba komai, Anti," tana kallon ƙasa. Na kira mutum ukun nan na gaya wa kowacce ainihin ranar da za ta samu. Biyu sun karɓa. Ɗaya ta aiko an kwashe kayanta ba a ɗinka ba, na mayar mata da kafin alƙalaminta N3,000. Takardar ta koma jikin keke.

Litinin, 31 ga Maris

An yi Salla jiya. Kayan ƙarshe ya fita ranar Asabar da la'asar. Maƙwabta sun aiko da tuwo da cincin, shago a rufe, na yi barci har hantsi. Bimbinin yau da rana na yi shi, aya ta 92.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na gama kashi na goma sha uku. A aya ta 104 maganar hanyar ƙarya ta sake dawowa, Baba Katikis ya ce in shirya, tana jirana a ta 128 da ta 163, kalma ɗaya ce a Ibrananci da ta aya 29. A can roƙo yake a raba shi da ita, a nan kuwa cewa yake ya ƙi ta. Ni dai har yanzu a roƙon nake.

Lissafi zuwa yau: kashi 13 cikin 22 a kwana 84. Ayoyin da zan iya faɗa da ka ba tuntuɓe, goma sha bakwai, 'yata ce ta riƙe littafin ta gwada ni. Kayan karatu N12,900. Kuɗin makaranta saura N40,000, maigida ya je ya roƙi a ɗaga mana zuwa ƙarshen wata.

Abin da ke gaba: saura kashi tara. Na daina sa ranar gamawa, amma kowane kashi ba zai gaza kwana uku ba. A Mako Mai Tsarki zan dakata in zauna a Ishaya 53, in dawo bayan Ista, 20 ga wata. Mata biyu a Zumunta sun ce in nuna musu yadda nake yi, mun sa ranar Alhamis da yamma a gidana, na ce kowacce ta zo da 'yar takarda da fil. Babbar Salla na tafe a watan Yuni, wannan karon tun da sauran mako biyar zan rufe karɓar aiki, kuma na ce wa babbar yarinyar ita za ta riƙa rubutu a kalanda, ba ni ba.

Gobe aya ta 105, fitila ga ƙafafuna. An ɗauke wuta tun jiya, na aika auta ya kai tawa fitilar caji wurin mai janareta, N200.